Waƙafi a Sunan Tsalha

Kwamfutar ta aro ce, ta Malam Nomau,
an ɗaure murfinta da robar tayar keke.
Na kifa turmi na ɗora ta bayan isha'i,
a ƙauyenmu, gefen hanyar Maigatari.
Batir ya ce saura awa guda,
shi kuwa ba a san shi da cika alkawari ba.

Kawu Shekarau ya kawo lissafin zoɓo
na ƙungiya, manomi ɗari da sha bakwai.
Shekara uku yana cikin littafi mai bangon leda,
bana aka juye shi a fayil:
suna, waƙafi, unguwa, waƙafi, buhu, waƙafi, kuɗi.
Kowane layi mutum ne da guminsa,
waƙafi kuma gamba ce a kan iyaka,
nan gonar wane ta ƙare, nan ta wane ta soma.

Na rubuta umarni, yatsa ɗaya ɗaya
kamar kaza na tsintar tsaba:
buɗe, karanta, raba a kan waƙafi.
Manomin farko da ta kawo mini
sunansa Suna, ɗan unguwar Unguwa.
Ashe kan jadawali ne, ba ya noma.
Na tsallake shi.

Na nemi gida na ɗaya, ta miƙo na biyu.
Wai ita daga sifili take soma ƙirga,
kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Na ce ta haɗa sha biyu da uku,
ta jera su kafaɗa da kafaɗa:
ɗari da ashirin da uku.
Kawu ya kusa ƙwarewa da goro,
ya ce in haka injin ke lissafi
bana har jakinsa sai ya je Makka.
Sai da na gaya mata waɗannan adadi ne,
ba rubutun allo ba,
sannan ta yarda da sha biyar.

Ɗantani ya fito da akwati a goshi,
ƙugiyar sunansa ta maƙale a ƙofa.
Na sauya layi guda, ta koyi bakinmu,
ya shigo da hularsa.

A layi na sittin da huɗu ta cije.
Jan rubutu, dogon Turanci, ta ƙi gaba.
Sauro ya ci rabonsa a idon sawuna
ina bin layin da tsinken tsintsiya
har na ga lauje cikin naɗi:
Tsalha, na Bakin Rijiya.
Tsalha biyu ne a garin nan,
Kawu ya sa waƙafi don kar a ba wani kuɗin wani,
ita kuma ta tsaga mutum gida biyu,
ta tura unguwarsa cikin buhuna,
ta rasa yadda ake tara Makera da tara.
Na kewaye sunan da alamar zance
kamar dangar kara,
na ce abin da ke ciki na mai gida ne.
Ta wuce.

Layi na casa'in: Barmani, Gangare,
sai waƙafi biyu manne da juna,
babu ko tsinke a tsakani.
Na ce Kawu, in sa sifili?
Ya daɗe yana kallon fitila.
Ya ce sifili na wanda ya shuka bai girba ba ne.
Ita kwana uku kafin shuka muka kai ta.
Na rubuta: in ka tarar da fili, ka wuce a hankali,
kar ka ƙirga, kar ka share.

Jimla ta fito, buhu ɗari shida da takwas.
Kawu ya lashi yatsa ya buɗe littafinsa,
nasa ya ɗara da biyu.
Kafin mu san mai gaskiya
allon ya yi duhu.

Gobe da sassafe zan kai ta shagon Ilu mai caji.
Kawu ya ce in taho da biro.